Kare a Waje Shekara Guda: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida

## Fabrairu: yadda aka saukar da shi

Karen namiji ne ɗan shekara huɗu, ruwa biyu, amma jinin karen makiyayan Jamus ya fi yawa a jikinsa: kunnuwa a tsaye, gadon baya baƙi, gashi ninki biyu, dogo mai kauri a sama, mai laushi cunkus a ƙarƙashi. Nauyinsa kilo 30, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 62. An karɓo shi daga hannun wani da zai yi ƙaura, da katin rigakafinsa cikakke, har da allurar haukan kare. Mai gidan ma'aikaci ne, yana fita ƙarfe 7 na safe, ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Tun ranar farko iyalin suka yanke cewa karen ba zai shiga ɗakunan kwana ba, a waje zai zauna, kuma wannan shawarar ba ta sauya ba har yau.

Wurin da aka zaɓa masa gindin katangar gabas ne. Mai gidan ya duba da safe ya ga inuwa luf a wurin, ga daɓen siminti mai sauƙin wankewa, ga shi yana kallon ƙofar shigowa. Aka sa mai walda ya haɗa ɗaki na kwanon rufi, bango da sama duk ƙarfe, ƙofa ɗaya a gaba, ba taga. Aka kafa ƙarfe a ƙasa, aka ɗaure karen da sarƙa mai tsawon mita biyu. Ruwan sha a robar da ke cin lita ɗaya, ana cika ta da safe, a sake cikawa da dare.

Katangar da ke gabashin fili tana tare ranar safe, amma fuskarta ta ciki yamma take kallo. Daga tsakar rana har faɗuwarta, rana tana dukan wannan fuskar da duk abin da ke gindinta. Mai gidan bai taɓa ganin wurin da ƙarfe 3 na rana a ranar aiki ba.

## Maris: alamun farko da abin da aka gwada

Da zafi ya fara shigowa sai karen ya rage cin abinci. Matar gidan ta lura ba ya shiga ɗakinsa da rana, sai ya kwanta a ɗan siririn inuwar da ɗakin ke bayarwa, yana haki, harshe a waje. Sau da yawa a tarar da robar ruwan a kife, sarƙar ta share ta.

Abu huɗu aka gwada cikin watan. Na farko, aka sayo babbar roba. Ta daina kifewa, amma tana zaune a rana, kafin azahar ruwan ya yi zafi kamar an ɗora a wuta, karen ya sunsuna ya juya. Na biyu, aka rufa baƙin tamfol a kan ɗakin, ya sauko har gefe da gefe. Tamfol ɗin yana manne da kwanon, ya sha zafi ya miƙa wa ƙarfen, ya kuma toshe 'yar iskar da ke shiga ta ƙarƙashin rufin. Na uku, aka riƙa jiƙa buhu ana shimfiɗawa a saman rufin da safe. Kafin hantsi ya bushe ƙayau.

Na huɗu shi ne aski. Wani maƙwabci ya ce gashin ne ke cutar da shi, aka kawo injin aski aka kwashe shi tas, daga wuya har gindin wutsiya. Bayan mako guda fatar gadon bayansa ta yi ja, tana saɓa. Gashin saman da aka cire shi ne ke tare hasken rana kafin ya kai fata. Wanda ya kamata a rage shi ne na ƙarƙashi, mai laushin, kuma da mataji ake fitar da shi, musamman lokacin da yake zuba da kansa.

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Gumin da ke sanyaya shi ɗan kaɗan ne, a tafin ƙafa. Hakin nan shi ne babbar hanyarsa: iska tana wucewa ta kan harshe da hanci da maƙogwaro, danshin wurin yana tashi yana tafiya da zafi. Hakin yana cin ruwa. Kare mai lafiya yana bukatar kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wannan karen yana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu a ranar da ba zafi, kuma a ranar zafi bukatar tana iya ninkawa. Hanyarsa ta biyu ita ce ya tashi ya nemi ƙasa mai sanyi ya shimfiɗa cikinsa a kai. A mita biyun da sarƙar ta ba shi babu irin wannan ƙasar.

## Afrilu: ranar da ya faɗi

A mako na biyu na Afrilu leburori suka zo gyaran katangar maƙwabta, suna hawa suna sauka a inda karen ke ganinsu. Daga tsakar rana ya fara haushi yana fizgar sarƙa, bai huta ba. Wajen ƙarfe 3 haushin ya tsaya. Babban ɗan gidan, da ya dawo daga makaranta, shi ya leƙa ya gan shi yana tangaɗi, yawu mai kauri yana dalala, dasashinsa ja wur. Ya yi amai, ya zube.

Yaron ya kwance sarƙar, ya ja shi inuwar baranda, ya kira mahaifinsa, shi kuma ya haɗa shi da likitar dabbobi ta waya. Umarninta gajere ne: a yi ta kwarara masa ruwan sanyi a jiki, wuya da ciki da hammata da matse-matsi, a kunna fanka ta busa shi, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin tawul yana riƙe zafi, kada a ɗura masa ruwa a baki tunda ba ya cikin hayyacinsa. Ta ce a fara sanyaya shi tukuna sannan a ɗauko mota, a bar tagogi a buɗe a hanya.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Selsiyus. Da ya haura 41 an shiga haɗari, domin a nan ne hanji da ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa, jini kuma yana iya rikicewa ya kasa daskarewa. Da aka isa asibiti, ƙasa da awa ɗaya da faɗuwarsa, ma'auni ya nuna 40.6, bayan duk ruwan da aka kwarara masa. Aka ci gaba da sanyaya shi har ya sauko 39.5, sannan aka tsaya, don kada ya zarce zuwa sanyi. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka riƙe shi kwana biyu ana duba jininsa da fitsarinsa, saboda illar irin wannan zafin takan ɓoye sai bayan kwana ɗaya ko biyu ta bayyana.

Ya tsira, kuma saurin da aka yi yana da hannu a ciki. Wani nazari da aka wallafa a 2006 daga asibitin koyar da likitancin dabbobi a Isra'ila ya bi karnuka 54 da zafi ya kayar, rabinsu suka mutu, kuma jinkirin kai su asibiti fiye da minti 90 yana cikin abubuwan da suka ƙara yawan mutuwar. Wani binciken kuma, na Ingila a 2020, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kwantar motsa jiki ne ya jawo musu, waɗanda aka bari a mota ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Karen nan ba gudu aka kai shi ba, amma awa uku na haushi da fizgar sarƙa aiki ne na gaske.

Da za a sallame su likitar ta tambayi mai gidan, "Malam, a ina yake kwana da rana?" Ya ce a inuwa. Ta ce, "Inuwar ƙarfe nawa?" Ta ba shi shawarar ya samu ƙaramin ma'aunin zafi, ya zauna gida rana guda, ya auna.

## Mayu: awo, da ƙaura zuwa wani gefe

Ranar Asabar aka yi awon, ana ajiye ma'aunin a tsayin santimita 30 daga ƙasa, daidai inda jikin karen yake in ya kwanta. Da ƙarfe 8 na safe wuraren duk kusan ɗaya suke. Da ƙarfe 3 na rana inuwar bishiyar da ke gefen yamma ta nuna 37, cikin ɗakin kwanon ya nuna 46, daɓen kuwa ba a iya ɗora bayan hannu a kai a ƙirga biyar. Ƙarfe 9 na dare katangar gabas tana ta fitar da ɗumi har lokacin. Dokar Amurka ta masu kiwon karnuka don sayarwa ta hana a bar su a ɗakin da ya haura digiri 29.5 fiye da awa huɗu a jere. A wurare masu zafi ko inuwar bishiya ba ta cika wannan sharaɗin, don haka abin da ake nema shi ne mafi sanyin wurin da gidan ke da shi, tare da iska da ruwa.

Aka mayar da karen gindin bishiyar, kusa da katangar yamma, inda ƙasa ce ba siminti. Kafinta ya yi masa ɗaki na katako, babba, mita biyu a tsawo, mita ɗaya da rabi a faɗi, a buɗe gaba da baya don iska ta ratsa. Aka ɗaga kwanon rufin sama da silin na katako, aka bar tazara a tsakaninsu, aka shafa wa kwanon farin fenti. Ruwa ya koma bokiti biyu masu lita goma-goma, kowanne a zaune cikin tsohuwar taya, ɗaya a cikin rumfa, wato sabon ɗakin, ɗaya a gindin bishiya. Abinci aka mayar da shi sassafe da bayan faɗuwar rana, yawo ma haka.

Sarƙar dai ba a cire ba, an ƙara ta zuwa mita biyar. Cikin mako guda aka tarar da shi sau biyu ya zagaye bishiyar har sarƙar ta nannaɗe, ta bar masa abin da bai kai taku biyu ba, ruwan yana gabansa ba ya iya kai wa. Aka sauya dabara, aka ja waya daga katanga zuwa katanga, aka rataya gajeriyar sarƙa da zobe tana zamewa a kai. Nannaɗewar ta ragu.

## Yuni zuwa Satumba: ruwa, kaska da tsawa

Gefen yamma shi ne mafi gangara a filin. Ruwan farko mai ƙarfi ya taru a nan, ya shiga ɗakin, wanda aka girke a kan ƙasa kai tsaye. Buhuna da tsohon bargon da aka shimfiɗa masa suka jiƙe, ba su ƙara bushewa sosai ba. Ɗakin da ke buɗe gaba da baya, feshi yana shiga ta ko'ina. Cikin mako uku tsakanin yatsun karen ya yi ja yana wari, wani miki mai ruwa ya fito a cinyarsa inda yake ta lasa, ƙudaje masu cizo kuma suka far wa bakin kunnuwansa har suka yi jini suka yi ɓawo. Irin waɗannan ƙudajen a jiƙaƙƙiyar shara mai ruɓewa suke hayayyafa, kuma tarin ganye da kashin karen da ake sharewa a jibge a bayan ɗakin ya ishe su. Aka kwashe tarin, aka jefar da bargon, aka ɗora ɗakin a kan bulo, aka haƙa ɗan magudana. Likitar ta ba da man shafawa na kunne mai korar ƙuda. Wannan ɓangaren bai ba da wahala ba.

Kaska ce ta ɗauki lokaci. An fara ganinta ɗai-ɗai a kunne da tsakanin yatsu, ana cirewa da hannu. Kafin ƙarshen Yuli ta yi yawan da ake ganinta tana hawa katanga. Aka yi wa karen wanka da sabulun magani, kaska ta zube, bayan kwana huɗu ta dawo. Sai wani ya kawo maganin da ake yi wa shanu wanka da shi, mai amitiraz, aka haɗa shi da ido ba awo. Karen ya yini yana layi, jiki sanyi, ba ya iya ɗaga kai. Likitar ta sa aka wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu, ta duba bugun zuciyarsa, ya farfaɗo washegari. Kaskar kuwa tana nan.

Dalilin dawowarta yana cikin yadda take rayuwa. Jar kaskar kare sau uku take hawa jikinsa a rayuwarta, a hawa biyun farko ta sha jini na 'yan kwanaki ta sauka ta shige tsaga ta yi saɓa. Macen in ta ƙoshi sai ta faɗo ta nemi rami a bango ko tsakanin katakai ta zuba ƙwai dubbai. A yanayi mai ɗumi zagayen yana iya cika cikin wata biyu, kuma babbar da ba ta samu jini ba tana iya jira watanni da yawa. Abin da ake gani a jikin karen kaɗan ne daga abin da ke ɓoye a katangar da ba a yi wa yaɓe ba da kuma haɗin katakan sabon ɗakin.

Farkon Agusta karen ya daina cin abinci, ya kwanta, dasashinsa ya yi fari, wata safiya aka ga jini yana ɗiga daga hancinsa. Zafin jikinsa 40.1. Gwajin jini ya nuna ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun yi ƙasa sosai, ya kuma nuna cutar erlikiya, wadda wannan kaskar ke ɗauka. Aka ɗora shi a kan doksisaikilin na kwana 28. Rana ta uku ya tashi ya ci abinci, rana ta bakwai yana haushi kamar da, har mai gidan ya tambaya ko za a iya tsayar da maganin. Likitar ta ce a'a, ƙwayar cutar tana iya laɓewa a saifa ta dawo daga baya da muni. Aka cika kwanakin. Ya fito daga jinyar da kilo 26.

A wannan karon aka yi wa kaskar taron dangi. Karen aka fara ba shi ƙwayar maganin kaska da ake taunawa wata-wata, bisa awon nauyinsa. Katangar aka yi mata yaɓe aka toshe tsagoginta. Ɗakin aka fito da shi rana, aka kankare, aka cike haɗin katakan, aka yi fenti. Aka yi feshin wurin sau uku, mako biyu-biyu tsakani, domin feshi ba ya kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe; kowane feshi ana kawar da karen da bokitansa har wurin ya bushe. Zuwa tsakiyar Oktoba ba a ƙara ganin ko ɗaya ba.

A cikin wannan tsakanin ne aka yi daren tsawa. Karen dama yana firgita da ita, yana kuka yana kai-komo. A wannan daren ya yi tsalle ya haura 'yar katangar da ta kewaye tankin ruwa, sarƙar ba ta kai ƙasa ta ɗaya gefen ba, ya rataye da wuya, ƙafafunsa na baya kawai ke taɓa ƙasa. Ƙarar ƙarfen da ke dukan tankin ce ta tashi matar gidan. Abin wuyan ya yanke shi a ƙarƙashin haɓa. Daga ranar, duk daren da hadari ya haɗo, ana buɗe masa ɗakin ajiyar kaya ya kwana a ciki ba ɗauri.

## Oktoba da Nuwamba: cire sarƙa

Bayan daren tsawa aka yanke shawarar kewaye masa fili. Don girman wurin aka duba dokar Jamus ta kula da karnuka, wadda ta ce karen da tsayinsa ke tsakanin santimita 50 da 65 kada wurinsa ya gaza murabba'in mita 8, ban da ɗakin kwanansa, wanda ya fi haka tsayi kuma 10. Dokar nan ta hana ajiye kare a ɗaure tun daga farkon 2023, sai a wasu 'yan lokuta na aiki. Aka kewaye mita uku a mita biyar da ragar ƙarfe mai tsayin mita 1.8, aka binne gindinta don kada ya tona. An tsara wurin ya haɗa bishiyar, da rumfar, da wani ɓangare da rana ke samu da safe. Aka cike gangaren da ƙasa da tsakuwa har ya ɗara sauran filin. Aka rufe gefen ragar da ke kallon katangar maƙwabta, ta yadda ba ya ganin masu wucewa. Haushinsa ya ragu ƙwarai. Da yamma ana buɗe masa ya zaga gidan, yaron kuma ya fita da shi yawo.

## Disamba da Janairu: sanyi

Da sanyi ya sauka ma'aunin ya riƙa nuna 11 zuwa 13 da asuba, ga iska busasshiya mai ƙarfi. Kare irin wannan, mai cikakken gashi da ƙiba daidai, ba zai damu da wannan ba. Wannan kuwa bai gama mayar da jikinsa ba, ana ganin haƙarƙarinsa daga nesa, gashin bayansa tun askin Maris ya fito a barbaje. Aka riƙa samunsa da asuba yana rawar ɗari, a dunƙule a lungun da katanga ta haɗu da raga, ya bar ɗakinsa fayau.

Aka sa masa tsohuwar rigar sanyi. Raɓa ta jiƙa ta, ya yayyage ta cikin dare biyu. Mai gidan ya kawo shawarar ajiye kaskon gawayi kusa da ɗakin, likitar ta hana: ɗakin katako ne, ga wutsiya tana kaɗawa, kuma gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kashewa a rufaffen wuri.

Lungun da karen ya zaɓa shi ya nuna inda matsalar take. Ɗakin da aka yi don iska ta ratsa shi a Mayu, yanzu iskar ce ke korarsa, kuma ya yi girman da ɗumin jikin kare ɗaya ba zai cika shi ba. Kafinta ya dawo ya yi allunan da ake ɗaurawa da noti a cire in an so. Aka rufe bayan ɗakin, aka raba cikinsa biyu, aka bar masa ɗan ƙuryar da zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa, ba fiye da haka ba. Ƙofar aka mayar da ita gefe guda, tana ba iska baya, aka rataya mata labule na roba mai kauri. A ƙasa aka zuba busasshen karan alkama mai yawa, wanda ba ya riƙe danshi kamar bargo, kare kuma yana iya tona shi ya nutse. Ana sauya shi duk mako biyu, ana duba kaska. Aka ƙara masa abinci kaɗan-kaɗan. Tafin ƙafarsa da ya fara tsagewa ana shafa masa man baslin da dare. Dare na biyu ya koma ɗakin da kansa.

Wannan sanyin mai sauƙi ne. Inda ruwa ke daskarewa lissafin daban yake: bokiti yana zama ƙanƙara cikin dare, harshe yana iya mannewa a kwanon ƙarfe, ruwan hana daskarewa da ke ɗiga daga mota yana kashe ƙoda ko da kaɗan kare ya lasa, kuma ɗan kwikwiyo ko tsoho ko mai gajeren gashi bai kamata ya kwana a waje ba sam.

## Maris da Afrilu na shekara ta biyu

Da zafi ya dawo aka cire allunan, aka kwashe karan, aka tsefe masa gashin ƙarƙashi da mataji sau biyu a mako. Nauyinsa ya koma kilo 30, haƙarƙarin ana jin su da hannu amma ba a ganinsu. Aka ɗora wa yaron duba shi kullum da ya dawo makaranta: ruwa, dasashi, da yadda yake numfashi.

Karen ya tona rami a gindin bishiyar. Mai gidan ya cike shi, ya sake tonawa, sai aka ƙyale shi, aka ma riƙa zuba bokitin ruwa a ramin da hantsi. Yininsa ya zama sananne: hantsi a rana, tsakar rana a rumfa, daga ƙarfe 2 zuwa la'asar sakaliya a cikin ramin, dare a kan tsakuwa. A ranakun da ma'aunin ya haura 40 a inuwa, ana kai shi baranda a kunna masa fanka. Bai sake faɗuwa ba. Gwajin ƙoda da na jini da aka maimaita sun fito lafiya.

## Abin da lamarin ya nuna

Daga cikin haɗurra huɗu da karen ya shiga, biyu sarƙa ce ta kawo su kai tsaye, faɗuwar Afrilu da ratayar daren tsawa, ita ce kuma ta kife masa ruwa ta nannaɗe shi a bishiya. Duk lokacin da aka ba shi dama ya zaɓi wurin da ya dace: siririn inuwa a Maris, lungu a Disamba, rami a Afrilu. A ganina da ragar aka fara yi a Fabrairu, da yawancin abin da ya biyo baya bai faru ba, ko da ɗakin kwanon yana nan, domin da ya bar shi ya tafi gindin bishiya.

Gyare-gyaren da suka gaza kusan duk an yi su ne ba tare da an ga wurin a lokacin da ya fi muni ba, ko kuma an yi su a jikin karen alhali matsalar tana wurin zamansa. Aski, wanka da maganin shanu, rigar sanyi, duk a jikinsa aka yi su. Awon rana guda a Mayu ya fi duk abin da aka yi a Maris amfani. Shi ma awon yana da gibi, tunda zafi kawai aka auna. Ba wanda ya duba inda ruwa ke gangarawa ko inda iskar sanyi ke fitowa, shi ya sa gyaran bazara ya haifi matsalar damina da ta hunturu. Maganin kaska kuwa tun ranar da karen ya shigo gidan ya kamata a fara shi, kafin a ga ko ɗaya.

Tsarin da aka samu ya yi aiki ne ga wannan karen: matashi, mai dogon hanci, mai ninkin gashi, a gidan da akwai bishiya da mutumin da ke nan da rana. Kare mai gajeren hanci irin buldog, ko mai ƙiba, ko mai ciwon zuciya, hakinsa ba zai ishe shi a digiri 37 ba ko da a inuwa. Zaman nasa ma ba duka a waje yake ba: daren hadari yana ɗakin ajiya, ranar tsananin zafi yana baranda. Bakin kunnuwansa sun yi tabo, gashi bai sake fitowa a wurin ba, tsoron tsawa bai tafi ba. Likitar ta sa a riƙa duba jininsa duk shekara saboda erlikiya, ta kuma ce in ya kai shekara takwas a sake zama a duba ko zai ci gaba da kwana a waje.